Tsumman da Sallau Ya Manta a Tiyo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, wanda wata ranar Talata da hantsi aka gan shi a kan keke, ya bar gari ya miƙi hanyar gabas, yana taka feda gumi na zuba. Ga abin da ke ɗaure a keken: jarka biyu cike da ruwa. Sukudireba. Filaya. Sabon tiyo guda ɗaya. Wata 'yar waya mai lanƙwasasshen baki. Tsohon buhu. Ba guzuri, ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Sunansa Sallau. Sana'arsa gyaran lagireto, wato tukunyar ruwan nan da ke gaban mota, wadda ke sanyaya inji. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, saboda rigarsa ba ta rasa baƙin mai, kuma ba ya son ya shafa wa wani. Sunan garin ba sai na faɗa ba. Lokacin kuwa tun kafin wayar hannu ta zo ne. Ku riƙe wannan: a zamanin, idan mota ta tafi ta bar ka, kana kuma da magana da ita, to sai dai ka bi ta.

Me ya fitar da shi? Ku saurara.

Idan za a cire lagireto, tiyo biyu ake kwancewa, na sama da na ƙasa, bakinsu ya zauna a buɗe. Garejin Sallau rumfa ce kawai a ƙarƙashin darbejiya. Ganye na faɗowa, ƙadangaru na kai da kawo, zanzaro na neman ramin da zai yi ɗaki. Don haka da ya kwance tiyo sai ya toshe bakinsa da tsumma. Tsummokaran nan biyu ne, daga wani tsohon koren zane ya yago su, kowanne da ƙusarsa a jikin ginshiƙin rumfa. Mota ba ta fita daga hannunsa sai ya ga biyun sun koma kan ƙusa. Ba ta kuma fita sai ya tayar da ita ya bar ta tana aiki a tsaye har inji ya ɗau zafi, ya taɓa lagireto ya ji ruwan ɗumi ya zagaya. Direbobi na yi masa tsiya a kan haka. Suna kiransa Sarkin Ruwa, wai sai ya yi wa mota wankan jego kafin ya sallame ta. Ba ya tanka musu. Shekara ashirin da bakwai haka yake yi.

Ranar Litinin aka kawo masa motar Alhaji Lurwanu, wani ɗan kwangila a garin. Direbansa Mamuda ne ya kawo ta. Lagireto na yoyo ta ƙasa. Sallau ya cire, ya wanke, ya liƙe da dalma, ya ce a zo gobe da la'asar.

Gari na wayewa sai ga Mamuda a guje, yana haki.

"Sarkin Ruwa, haɗa ta. Don girman Allah haɗa ta yanzu. Mahaifiyar Alhaji ta rasu a ƙauye, ɗan aike ya iso da asuba. Ana idar da azahar za a kai ta."

"Innalillahi. Allah ya ji ƙanta. Ba ni awa ɗaya."

"Awa? Tafiyar awa huɗu ce a gabanmu, ka kuma san hanyar. Alhaji na tsaye a ƙofar gida da takalmi a ƙafa."

Sallau ya ji tausayi. Shi ma ya binne uwa. Ya mayar da lagireto, ya ɗaura tiyo, ya cika ruwa, ya ce a tayar. Ta tashi. Ya leƙa ƙasa, ba ɗigo ko ɗaya. Kafin ya miƙe, Mamuda ya riga ya sa giya.

"Bari ta ɗau zafi mana."

"Ta ɗauka a hanya. Sai mun dawo!"

Sallau ya bar shi ya tafi. Bai dubi ƙusa ba.

Bayan kamar awa guda aka kawo wata motar. Ya kwance tiyo, ya miƙa hannu ga ginshiƙi. Tsumma ɗaya ne. Ya duba ƙasa. Ya duba aljihu, ya duba ƙarƙashin benci, ya kife bokiti. Har akuyar maƙwabta ya bi ya duba bakinta. Sai ya tsaya ya yi tunani. Ya tuna hannunsa na zaro na ƙasa. Bai tuna hannunsa na zaro na sama ba.

Jama'a, ga abin da wannan ke nufi. Ruwa ba zaman banza yake yi a mota ba, zagaye yake. Ya shiga inji ya kwaso zafi, ya fito ta tiyon sama ya sauka lagireto, iska ta sanyaya shi, ya koma. Idan ka toshe tiyon sama, ruwan da ke cikin inji ba shi da wurin zuwa. Nan zai tsaya yana tafasa. In direba bai lura ba, inji ya ƙone.

Sallau ya ba mai sabuwar motar haƙuri, ya ɗaura kaya a keke, ya kama hanya. A nan muka same shi.

Hanyar jar ƙasa ce, mota ba ta cika bi ba sai ranar kasuwa. Bayan ya yi nisa ya ga wuri a gefen hanya inda ƙasa ta yi duhu, an zubar da ruwa, ga sawun taya, ga sawun takalman mutum biyu. Ya san sun tsaya a nan. Gaba kaɗan ya sake ganin irinsa. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ba ta kai rabin ta farko ba. Ya ƙara taka feda.

A bakin wani lambu ya hango su. Bonet a ɗage, tururi na fita. Wani ƙaton mutum cikin farar babbar riga yana nuna inji da hannu yana ɗaga murya. Mamuda na tsaye da hankici a hannu, ga guga cike da ruwan rijiya a gindinsa.

"Buɗe, na ce! Buɗe ka zuba!"

"Alhaji, yanzu na kashe ta."

"Ni zan gaya maka, ko kai za ka gaya mini?"

Mamuda ya miƙa hannu wajen murfin lagireto. Tun daga kan keke Sallau ya ƙwala ihu.

"Kada ka taɓa! Mamuda, janye hannunka!"

Ya yar da keken, jarka ɗaya ta gangara. Ya shiga tsakanin Mamuda da motar.

"Kai kuma wane ne?" in ji Alhaji.

Mamuda ya ce, "Alhaji, shi ne Malam Sallau. Mai lagireto."

"To, madalla. Allah ne ya jefo ka. Buɗe mana ka zuba ruwa, sauri muke."

"Ranka ya daɗe, ba za a buɗe yanzu ba. Ruwan da ke ciki ya fi na tukunyar kan wuta zafi, murfin nan ne kawai ke danne shi. Ana murɗawa zai yi tsalle, kuma fuskar mai murɗawa zai nufa. Na san mutum biyu da suka gwada. Ɗaya har yau gashi bai sake fita a gemunsa ba."

"To a watsa wa injin ruwa ta waje."

"Ƙarfe mai zafi haka, ruwan rijiya ya sauka a kansa, tsagewa zai yi. Daga nan ba tafiya yau, ba tafiya gobe."

"To me za a yi?"

"Jira."

"Na minti nawa?"

"Sai ta huce. Kamar minti arba'in."

Alhaji ya dubi agogo, ya dubi rana. Idan sun tashi a lokacin, wataƙila su samu sallar gawa da ƙyar. Idan suka jira, ba za su samu ba. Shi ya sani, Sallau ma ya sani. Sai Alhaji ya juya kan Mamuda, domin fushi sai ya sami wurin sauka.

"Ka gani? Ka ga abin da ka ja mini? Malam, zo ka taɓa." Ya ɗora tafin hannu a jikin lagireto. "Taɓa ka ji. Sanyi ƙalau. Aikinka ya yi kyau, ba yoyo, ba komai. Injin ne ya mutu, kuma ga wanda ya kashe shi. An daɗe ana gaya mini yana kabu-kabu da motata idan na yi tafiya, ina cewa sharri ne. Shekara goma sha tara ina ciyar da shi. Yau ranar uwata ya saka mini."

"Wallahi, Alhaji, ban taɓa..."

"Rufe mini baki. Kawo makullin."

Mamuda ya miƙa. Alhaji ya jefa a aljihu.

"Ni zan ja. Kai ka san yadda za ka koma. Kafin in dawo ka kwashe iyalinka daga gidana."

Ku gane mini. Mamuda a ɗakunan bayan gidan Alhaji yake zaune, shi da matarsa da 'ya'ya biyar. Ba aiki kaɗai aka karɓe masa a bakin lambun nan ba, har da rufin da ke kansu. Kuma direban da aka ce ya hana maigidansa sallar uwarsa, wa zai sake ɗaukarsa a garin?

Sallau ya taɓa lagireton kamar yadda aka ce. Sanyi ne. Abin da Alhaji ya ɗauka shaidar kyawun aikinsa, shi ne shaidar laifinsa. Inji na tafasa, lagireto da sanyi: ruwa ba ya isowa ke nan. Wani abu ya tare hanya.

Bai ce komai ba tukuna. Ba zan yi muku ado da labarin ba. Dalili biyu ne suka rufe bakinsa. Na farko, bai ga tsumman da idonsa ba, kuma ba ɗabi'arsa ba ce ya faɗi ciwon mota kafin ya gani. Na biyu, tsoro. Mutum ne.

Mamuda ya matso kusa da shi, ya rage murya. "Sarkin Ruwa, me ya kawo ka hanyar nan da jarka biyu?"

"Bari ta huce."

Yana jira yana duba abin da za a iya dubawa ba tare da an buɗe komai ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙasan mota: ba yoyo, sai ruwan da ya yi ambaliya ta ɗan siririn tiyon da ke wuyan lagireto. Ya danna fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka, da yatsa, yana nan da ƙarfinsa, bai saki ba. Ya juya fanka, fukafukanta lafiya. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta a rana. Abin da yake tsoro shi ne ya ga man ya koma kalar shayi da madara, alamar gasket, wato shimfiɗar da ke raba ruwa da mai a cikin inji, ya ƙone ruwa ya shiga cikin mai. Man baƙi ne, tsaf.

"Ranka ya daɗe, injin bai mutu ba. Kuma abin da ya cece shi, duk lokacin da allurar da ke nuna zafin inji ta hau, direbanka ya kashe."

"Kashewar da ta cinye mana safiya? Kada ka kare shi, Malam. Na san ku. Direba da bakanike bakinku ɗaya."

Alhaji ya juya ya tafi gindin wata tsamiya, ya zauna ya ba su baya, ya ciro carbi. Kafaɗunsa na motsi. Ba wanda ya je kusa.

Da lokaci ya yi, Sallau ya kai bayan hannunsa kusa da inji, ya ji zafin ya sauka. Ya naɗe hannu da buhu ya matsa tiyo: ya yi laushi, ba ya tauri kamar ɗazu. Sannan ya ninka buhun huɗu, ya ɗora a kan murfi, ya kau da fuska gefe, ya murɗa kaɗan kawai. Iska ta yi huci. Ya tsaya har ta gama. Sannan ya ƙarasa buɗewa.

"Mamuda, mayar wa mai lambu gugansa. Ruwan rijiya na da laka, na zo da nawa."

Mamuda ya ɗauki guga ya shiga lambu.

Sallau ya kwance tiyon sama, ya ɗaga shi ya leƙa. Duhu. Ya zura wayar nan mai lanƙwasa, ya ji ta kama abu. Ya ja a hankali. Sai ga shi ya fito, a dunƙule, a jiƙe, yana tururi. Kore.

To, ku saurara da kyau, don nan ne wurin.

Alhaji ya ba da baya. Mamuda na cikin lambu. Bonet ya kare Sallau daga hanya. Tsumman bai kai cikin tafin hannu ba, kuma rigarsa na da aljihu biyu. Ba wanda ya san da ƙusa biyu a ginshiƙi sai shi. An riga an ce Allah ne ya jefo shi.

Kuma ga sabon tiyo a keke. Abin da zai yi kawai, ya sa sabon, ya ce tsohon ne ya ruɓe ta ciki ya toshe. Hakan na faruwa, kowane bakanike ya sani. Zuciya ta ce masa: wannan ai ba ka ɗora wa kowa ba, roba ka ɗora wa. Ta ce: sauri aka sa ka, kuma tausayi ne ya sa ka yarda. Ta ce: ka tako keke duk wannan nisa, ai ka biya. Ta ce: mutumin nan babba ne a gari, rabin motocin da ke zuwa rumfarka na abokansa ne, kai ma kana da iyali.

Duk abin da ta faɗa akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa yake da haɗari. Ƙaryar da ba ta da ƙamshin gaskiya ba ta kayar da mutumin kirki.

Amma Sallau ya san abin da Alhaji zai ce. Zai ce, direban shekara goma sha tara bai san tiyo ya ruɓe ba? Mota za ta tashi, amma uwa dai an binne ta ba ɗanta a wurin, kuma duk ranar da ya tuna sai ya nemi fuskar da zai ɗora wa. Fuskar nan ta Mamuda ce. Abu ɗaya ne kawai zai ɗauke ta daga kansa, shi ne abin da ke hannun Sallau.

Ya jira har Mamuda ya dawo. Sannan ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, zo ka gani."

Alhaji ya share fuska da hannun riga, ya taso. Sallau ya shimfiɗa tsumman a kan ƙarfen gaban mota.

"Mene ne wannan?"

"Tsumma ne. Nawa ne. Da shi nake toshe bakin tiyo idan na cire lagireto. Yau da safe na mayar da tiyon ban cire shi ba. Shi ya hana ruwa wucewa. Babu abin da ya sami injinka, kuma babu abin da direbanka ya yi."

Can cikin lambu ana jin mai lambu na jan ruwa.

Mamuda ya ce, "Alhaji, ni na matsa masa. Ya ce in bari ta ɗau zafi, na ƙi."

"Ka matsa mini," in ji Sallau. "Amma hannuna ne ya sa, hannuna ne kuma bai cire ba. Da na ce ba za ta fita ba, da ba ta fita ba."

Alhaji ya dubi tsumman, ya dubi keken da ke kwance, ya dubi jarkokin.

"Wato ba wucewa kake yi ba."

"A'a. Ku na biyo."

"Tun da ka iso ka sani?"

"Na yi zato. Ban tabbatar ba sai yanzu."

"Kana tsaye ina zagin mutumin nan, kana ji."

"Ina ji. Na ji tsoro. Wannan ma laifina ne."

"Ka san abin da ƙyallen nan ya hana ni?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ni kaɗai ne ɗanta namiji. Wani ne zai sa ta a kabari."

Sallau bai ce ƙaddara ce ba. Ku lura da wannan. Gaskiya ne komai da ƙaddara, amma ba bakin mai laifi ne ya kamata ya fara faɗa ba. Mu kuwa nan muke fara gudu. Abin da ya ce shi ne:

"Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yau ba, ban ga laifinka ba. Abin da nake roƙo, kada nawa ya hau kan Mamuda."

Alhaji ya nuna motar. Ya ce, "Haɗa motar."

Sallau ya duba cikin tsohon tiyon, ya ga zafi ya sa ya kumbura a wuya, sai ya sa sabon, ya ɗaure. Ya ɗauko jarka yana zuba ruwa a hankali, siriri, yana tsayawa yana matsa tiyo don iskar da ta maƙale ta fito. Da ya cika, ya ce a tayar, murfi a buɗe. Alhaji da kansa ya shiga kujerar direba ya murɗa makulli. Ta tashi.

Sallau ya sa ido a wuyan lagireto, daga ɗan nesa. Idan kumfa na ta tasowa ba ƙarewa, to gasket ya tafi duk da kyawun man. 'Yan ƙwaya suka fito, suka daina. Ya zagaya baya ya dubi salansa, ba farin hayaƙi. Ruwan ya ɗan sauka, ya ƙara, ya rufe murfi ya murɗa har ya zauna.

"Ya isa," in ji Alhaji ta taga. "Rufe bonet."

"Tukuna, ranka ya daɗe. Sai ta ɗau zafi na ga inda allura ta tsaya."

"Kai, mutumin nan! Bayan abin da ka yi, kai ne kuma za ka tsare ni?"

"Abin da na tsallake da safe ke nan. Ba zan tsallake shi sau biyu a rana ɗaya ba."

Alhaji ya buga sitiyari da hannu. Amma bai sa giya ba.

To, mu bar su suna jiran allura, mu yi tamu maganar.

Na san abin da wasunku ke jira. Kuna jira in ce Alhaji ya rungume shi, ya gina masa gareji, ya kai shi Makka. Ba haka aka ba ni labarin ba, kuma ba zan ƙara masa gishiri don ku ji daɗi ba. Ba a yi wa mai gaskiya alkawarin cewa mutane za su biya shi ba. Wanda ya faɗi laifinsa don yana sa ran a yaba masa, ciniki yake yi. Sallau ya faɗa ne yana da tabbacin zai yi asara.

Darasin ga shi a fili: idan kuskurenka ya faɗa kan wani, kai kaɗai kuma ka sani, to shirunka zalunci ne. Ba sai ka yi ƙarya ba. Ba sai ka nuna shi da yatsa ba. Tsayawar da ka yi kana kallo ta isa.

Kada wani ya ce ni ba bakanike ba ne. Kai da ke ofis, takardar da ka manta a aljihun tebur, aka ce masinja ne ya ɓatar, aka dakatar da shi: ina take yanzu? Kai magini, da ka rage siminti, bango ya tsage, aka kori lebura. Kai mai shago, da ka bar ƙofa a buɗe, da safe kowa na hararar maigadi, kai ma ka taya su harara. Ke da ke jina daga bayan labule, gishirin da kika zuba sau biyu, aka yi wa wata faɗa. Kai maigida, da ka ajiye abu ka manta inda ka sa, ka tayar da gida, ka gan shi daga baya a aljihunka, ka yi shiru. Ba na tambayar ko kun taɓa kuskure. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai yana duba ƙusa ya yi. Tambayata, da kuka gane, kun ɗaura kaya a keke, ko kun zauna kuna cewa wataƙila akuya ce ta cinye?

Kuma ku lura, gyara kaɗai bai isa ba. Da Sallau ya gyara motar ya sa tsumman a aljihu, da mota ta tafi lafiya, da Mamuda ya kwana a titi da 'ya'yansa. Da yawanmu a nan muke tsayawa. Mu gyara ɓarnar a ɓoye, mu ce ai mun tuba, mu bar wani da tabon. Wanda aka zalunta a gaban mutane, a gaban mutane ake wanke shi.

Duk wanda a cikinku wani suna ya faɗo masa a rai ina cikin maganar nan, to wannan sunan nake nufi. Kada ka jira Juma'a mai zuwa. Wataƙila shi ba zai kai ba, wataƙila kai ba za ka kai ba. Ka je yau. Za a iya zaginka, za a iya korarka. Ka je.

Su kuma masu mota, tunda mun zo wurin: allura ta hau, ku tsaya ku kashe. Kada ku buɗe murfi da zafi, ko wa ke jiranku. Fuska ɗaya aka ba ku.

Ga yadda aka rabu, daga nan mu tashi.

Allura ta hau a hankali, ta kai tsakiya, ta tsaya. Suka ba ta lokaci, ba ta ƙara ba. Sallau ya kai hannu jikin lagireto, nesa da fanka, ya ji ɗumi daga sama yana sauka ƙasa. Ya rufe bonet. Ya ɗauki jarkar da ba a taɓa ba ya sa musu a but.

"Idan ta sake hawa, a tsaya a kashe. Amma ba za ta hau ba, in Allah ya yarda."

Rana ta riga ta take tsaka. Ko da gudu, sai bayan la'asar za su isa.

Mamuda na tsaye a gefen hanya, hannu a baya, yana kallon ƙasa. Alhaji ya daɗe zaune a kujerar direba, inji na aiki. Can ya buɗe ƙofa ya fito, ya bar makullin a jiki. Bai dubi kowa ba.

"Mamuda, shiga ka ja."

Mamuda ya shiga. Alhaji ya zagaya ya zauna a baya, ya tattara babbar rigarsa, ya ja ƙofa ya rufe. Sannan ya sauke gilashi, ya dubi Sallau.

"Mamuda na nan a aikinsa, yana nan a ɗakinsa. Kai kuwa, motata ba za ta sake shiga rumfarka ba."